Ku Tambayi Baba Mai Kwaya: Waƙoƙin Kirsimetin Kambirij da ake nunawa a talabijin

Wasiƙun wannan wata kusan duka kan abu guda suka faɗo, wato sujadar waƙoƙin Kirsimeti ta Turawan Ingila da ke yawo a wayoyinmu da zarar Disamba ta kama. Na zaɓi biyar. Masu tambaya kan rikicin kuɗin yunifom na kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, su yi haƙuri sai wata mai zuwa.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni ɗan kwaya ne a cocin bariki. Kowace shekara nakan ga bidiyo a YouTube na wasu yara Turawa da jajayen riguna da farare a sama, suna waƙa cikin wani dogon gini mai kyandirori. Babana ya ce shi a rediyo yake jin su ranar jajiberin Kirsimeti tun yana saurayi, kuma kai tsaye ake yi. Na ce masa na talabijin ne na ainihi, ya ce ban san komai ba. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Daga ɗanka, Ojo, Legas.

Amsa: Ɗana, je ka durƙusa ka ba babanka haƙuri. Gini ɗaya ne, mawaƙan ma su ne dai, amma sujada biyu ce daban. Ginin shi ne ɗakin sujada na Kwalejin King's a Jami'ar Kambirij. Wadda babanka ke ji ita ce uwar, ta karatu tara da waƙoƙi. Ana yin ta ranar 24 ga Disamba da ƙarfe uku na rana agogon Ingila, ƙarfe huɗu ke nan agogonmu, BBC kuma tana watsa ta kai tsaye a rediyo. Wadda kake gani, mai suna Carols from King's, tun farkon Disamba ake naɗar ta, a gyara, a ajiye, sai jajiberi tashar BBC Two ta nuna. Ita ba ta ɗaure kanta da karatu tara ba. Sukan rage nassi, su sa wani rubutaccen waƙe ko ɗan zance na marubutansu a tsakani.

Asalin abin ma ba daga Kambirij yake ba. A 1880 wani bishop mai suna Edward White Benson ya tsara shi a garin Truro, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Lokacin ana kan gina babbar majami'arsu, don haka a wani ɗakin katako na wucin gadi suka taru, ƙarfe goma na dare ranar jajiberi. Mutanen can suna faɗin cewa ya zaɓi wannan sa'a ne don ya janye maza daga gidajen giya. Benson ya zama Akbishop na Kantabari a 1883, tsarin nasa kuma ya bazu zuwa wasu majami'u.

A 1918 ya iso King's, ta hannun Eric Milner-White, sabon babban limamin ɗakin sujadar, mai shekara 34. Limamin soja ne da ya dawo daga fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya. An tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba, bayan mako shida aka yi sujadar, kwalejin kuwa ta rasa mutanenta kimanin 200 a yaƙin. Kai da ka tashi a bariki ka san yadda Kirsimeti ke zama a gidan da aka kawo wa akwatin kaya ba tare da mai shi ba. Shi ya sa addu'ar buɗewa da ya rubuta, wadda har yau ake karantawa, take roƙon jama'a su tuna da matalauta, da masu jin yunwa, da marasa lafiya, da waɗanda ba su da kowa, sannan da waɗanda ke murna tare da mu amma a wancan ƙetaren, cikin haske mafi girma. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ƙara cewa sujadar ta yi sanyi ba. Masu makoki ne suka haife ta.

Tun 1919 da waƙa ɗaya ake buɗewa, Once in Royal David's City, wadda Cecil Frances Alexander ta rubuta wa yara a 1848. Baitin farko yaro ɗaya ke rerawa, ba ogan, ba kowa. Akan shirya yara kaɗan, amma ba wanda ya san shi ne sai daf da a buɗe musu layi shugaban mawaƙa ya nuna shi, don kada fargaba ta hana yaro barci. Ina ma mu koyi wannan. A wurinmu tun Oktoba an san wa zai yi, kuma sau da yawa ba don muryarsa ba, don kujerar da babansa ke zama ce a gaban coci.

BBC ta fara watsawa a rediyo a 1928, kuma shekarar 1930 kaɗai aka tsallake. Ko a Yaƙin Duniya na Biyu ba su fasa ba, alhali an ciccire tsofaffin gilasan tagogi an ɓoye saboda bama-bamai, ga sanyi na ratsa ginin, ba a kuma faɗin sunan wurin a rediyo. Talabijin sai 1954 ya shigo, shekara biyar kafin a buɗe tashar talabijin ta farko a ƙasar nan, WNTV ta Ibadan. Ka ga ke nan rediyo ya girmi talabijin da shekara 26 a wannan harka.

In ka tambaye ni, na rediyo na fi so. Kyamara ba ta zama wuri ɗaya. Ana tsakiyar karatun Ishaya sai ta ɗaga kai ta nuna maka rufin dutsen nan mai kama da mafici, ta sauko kan zanen Rubens na masana taurari da ke bayan bagade, ta koma fuskar wani yaro mai gilashi. Ka tashi ka ƙoshi da kallo, amma ba ka iya faɗin abin da aka karanta. Bana sayi batir, ka zauna kusa da babanka ƙarfe huɗu, ko ka nemo masa BBC World Service a wayarka in gajeren zango ya ƙi kamawa.

Tambaya: Baba, ni malamar Makarantar Lahadi ce. Waɗanne wurare ne taran da ake karantawa? Kuma me ya kawo labarin maciji da la'ana cikin murnar haihuwa? Yarana sun tambaye ni na rasa amsa. 'Yarka, Agege.

Amsa: 'Yata, huɗu daga Tsohon Alkawari ne, biyar daga Sabo. Ana farawa da Farawa sura 3, daga aya 8, inda Adamu da matarsa suka ji motsin Ubangiji a gonar suka ɓuya. Sai Farawa 22:15-18, alkawarin da aka yi wa Ibrahim bayan ya miƙa ɗansa, cewa ta wurin zuriyarsa dukan al'umman duniya za su sami albarka. Sai Ishaya sura 9, mutanen da ke tafiya cikin duhu sun ga babban haske, an haifa mana yaro. Sai Ishaya sura 11, toho daga kututturen Yesse, kyarkeci ya zauna da ɗan rago. Daga nan a ƙetara zuwa Luka 1:26-38, mala'ika Jibra'ilu wurin Maryamu. Luka 2:1-7, umarnin Kaisar Augustas da haihuwa a Baitalami. Ci gaban Luka 2, makiyaya. Matiyu 2:1-12, masana taurari da Hirudus. Na tara shi ne Yohanna 1:1-14.

Game da macijin, ki gaya wa yaranki cewa ba a kawo magani sai an faɗi cutar. In aka fara daga komin dabbobi, abin da yaro zai ɗauka shi ne an haifi jariri kyakkyawa, tumaki sun zo kallo. In aka fara daga gonar, ya ji an kira "Ina kake?", ya ji an ce zuriyar macen za ta ƙuje kan macijin, to yana da tambayar da zai riƙe har karatu takwas su amsa masa. Milner-White da kansa ya nace cewa ƙarfin sujadar daga karatun yake, ba daga waƙoƙin ba. Waƙoƙin suna canzawa kowace shekara, kuma tun 1983, zamanin shugaban mawaƙa Stephen Cleobury, akan sa wani mawallafin kiɗa ya rubuta sabuwa fil don wannan rana. Karatun ne ke zaune daram.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba, shi ne jerin masu karatu. Daga ƙarami ake hawa zuwa babba. Ɗan yaron kwaya ke karanta na farko, duk da nauyinsa. A tsakiya akwai ɗalibi, da malaman kwalejin, da wakilin garin Kambirij. Shugaban kwalejin ne ke karanta na tara, jama'a kuma duka a tsaye. Haka Benson ya yi a Truro, daga yaro har zuwa bishop. Ki kwatanta da mu, inda ake fara kiran manya da jerin muƙamansu, yara kuma a tura su baya kusa da janareta.

Su da fassarar Sarki James ta 1611 suke karatu, tsohon Turancin da ko jikokinsu sai sun natsu suke ganewa. Ke ba ki da wannan matsala. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahala a kai, an kuma yi sabbin fassarori bayansa. Ki sa yaro ya karanta "Tun fil azal akwai Kalma" a hankali, ba tare da gudu ba, ki ga ko akwai abin da Turanci ya fi mu.

Tambaya: Salamu alaikum, Baba. Ni Musulmi ne, ina sayar da albasa. Maƙwabcina Kirista ɗan Filato ya kunna wannan shiri a shagonsa na tsaya na kalla. Abu uku suka ba ni mamaki. Muryar mata nake ji amma ban ga mace ba. Ban ga limaminsu ya yi wa'azi ba. Ban kuma ga an zaga da faranti ba. Shin ibada ce ko wasan kwaikwayo? Kada ka ga kamar raini ne. Naka, Mile 12.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Babu raini a ciki, tambayar mai lura ce. Muryar da ka ji ta yara maza ce waɗanda ba su balaga ba. Su 16 ne, kuma wannan adadi Sarki Henry na Shida ne ya ƙayyade shi, wanda ya kafa kwalejin a 1441. Tare da su akwai samari 14, galibi ɗaliban jami'ar, masu riƙe ƙananan muryoyi. Yaran suna makarantar kwana ta kwalejin, ana koya musu karatu kamar kowa, ga bita kusan kullum, ga sujadar yamma yawancin ranakun mako in ana zangon karatu. Da murya ta fashe, wajen shekara 13, aikin yaro ya ƙare, wani ya maye gurbinsa. Saboda haka abin da ka gani ba shirin wata ɗaya ba ne, aikinsu ne na yau da gobe, kyamara ce kawai ta zo ta same su a kai. Rashin mata kuwa tsohuwar al'ada ce ta majami'un Ingila, ba dokar addini ba, kuma tana sauyawa. Maƙwabciyarsu Kwalejin St John's ta fara karɓar 'yan mata da mata cikin kwayarta a 2022.

Wa'azi da gangan aka bar shi. Nufin shi ne nassi ya yi magana da kansa, waƙa ta ba mutum sarari ya tauna abin da ya ji. Na san kai wannan ba zai zame maka baƙo ba, tunda ka saba zama ka saurari karatu mai daɗi ba tare da mai fassara ya katse ba. Ibada ce, akwai addu'a a farko da ƙarshe, akwai sa albarka. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, a Ingila mutane da yawa da ke kunna ta ba sa zuwa coci ko sau ɗaya a shekara, a wurinsu alama ce kawai ta cewa biki ya kama, suna ji suna fere dankali.

Da ka tsaya har karatu na biyar, da ka ji labarin da ka sani ta wata hanya, na mala'ika ya zo wa Maryamu da albishir ɗin ɗa, ita kuma ta ce yaya za a yi tunda ba ta san namiji ba. Yana nan cikin Suratu Maryam. Inda muka rabu shi ne karatu na tara, mai cewa Kalma ya zama mutum, kuma ni da kai mun san haka, ba sai mun ɓata maƙwabtaka a kai ba. Maganar faranti kuwa, ka gaya wa ɗan Filato ya gayyace ka cocinsu, za ka gan shi har sau uku.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ne shugaban mawaƙa a sashen Hausa na wata ikilisiya. Ina so bana mu yi irin wannan sujada sak, da kyandir, da jerin gwano, da waƙoƙin Turanci cikin murya huɗu. Zumuntar Mata sun ce in ba za a buga tukunya da caki ba, ba su zuwa. Matasa suna son kibod da jita. Wani dattijo ya ce karatu tara ya yi yawa, a mai da shi huɗu don a sami lokacin jawabin baƙi. Na rasa yadda zan yi. Ƙaninka a aiki, Obalende.

Amsa: Ɗan'uwa, kalmar "sak" ɗin nan ita ce za ta kashe ka. Bari in fara da ginin. Ɗakin sujadar King's tsawonsa ya kai mita 88, tsayinsa wajen mita 24, dutse ne tun daga ƙasa har rufi. An aza harsashinsa a 1446, sarakuna da dama suka shuɗe kafin a gama shi a zamanin Henry na Takwas. In yaro ya saki murya siririya a ciki, ginin ne ke ɗaukar ta ya riƙe, ya yi ta juya ta bayan yaron ya rufe baki. Salon waƙarsu, sanyin nan da jan numfashi, don wannan gini aka gina shi. Kai kuma rufin kwano gare ka, da fanka takwas, da janareta a bayan taga, da cocin maƙwabta mai lasifika huɗu da ke tsakiyar daren farkawa. Ka sa yaro ya yi irin waccan murya a nan, ko layi na uku ba za su ji ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kuma kada ka ɗauka sai an je Ingila ake samun masu yin irin nasu da kyau. Hau mota ka je babbar majami'ar Anglika ta Marina, a nan Legas, ka ji. Su sun gaji abin ne. T.K.E. Phillips ya riƙe ogan da kwayar wurin daga 1914 zuwa 1962, a hannunsa su Fela Sowande, fitaccen mawallafin kiɗa, suka taso. Amma shi wannan Phillips ɗin, duk da ya san kiɗan Turawa ciki da bai, ya damu ƙwarai da a rera Yarbanci yadda karin waƙa zai bi hawa da saukar harshen. Matsalar da ya gani a Yarbanci muna da ita. Yawancin waƙoƙin Kirsimeti da ke Littafin Waƙoƙi an ɗora kalmomin Hausa ne a kan karin Turawa, sai ka ji an ja gaɓar da ya kamata ta gajarta, an ɗaga wadda ya kamata ta sauka. Mun saba da su, muna ƙaunar su, ni ma da su aka raine ni, kuma ba na goyon bayan a yar da su. Amma in kana neman waƙar da Hausarta ke zaune daidai a bakin mai rerawa, wurin matan nan da kake faɗa da su take. Su ke ƙirƙirar nasu, mai bayarwa ta bayar, sauran su amsa, kuma tsohuwar da ba ta iya karatu ba tana kama amshin tun zagaye na biyu.

Don haka ga shawarata. Karatu tara ya tsaya tara, kada ka rage ko ɗaya. Ka gaya wa dattijo, cikin ladabi, cewa duka taran in an haɗa ba su kai tsawon sanarwar ranar Lahadi ba. Ta Kambirij gaba ɗaya, da waƙoƙinta da addu'o'inta, kimanin awa ɗaya da rabi take ci. Abin da ke cinye mana lokaci ba nassi ba ne. Mai gabatarwa ne da zai ce "ku tafa wa Yesu" kafin kowane abu da bayansa, da gaisuwar baƙi ɗaya bayan ɗaya, da mai kibod da ke neman maɓalli bayan an riga an fara. A can ba mai gabatarwa. Kowa na da takarda a hannu, mai karatu ya gama ya ce godiya ga Allah, waƙa ta tashi. Ka buga takardar tsari, ka roƙi fasto a ajiye jawabi da sanarwa da baiko har bayan sa albarka. Wannan shi ne yaƙin da ya cancanci ka yi, ba na tukunya ba.

Sannan ka raba waƙoƙin bisa abin da aka karanta, ba bisa wanda zai yi fushi ba. Bayan Farawa 3 ba wurin rawa ba ne, a sa kwaya ta yi wani abu mai nauyi, ba kiɗa. Bayan saƙon Jibra'ilu, ba wa mata. Wa ya fi su cancantar rera amsar Maryamu? Bayan makiyaya a saki tukunya da caki da guɗa, ai rundunar sama ma ba raɗa ta yi ba. Matasa su ɗauki masana taurari da jitarsu, da sharaɗin a rage ƙarar. Ka bar wa jama'a duka aƙalla waƙa uku da kowa ya haddace, don ko a King's akwai waɗanda ake tashi gaba ɗaya a rera, da su ma ake rufewa. In kwayarka na da Turanci ɗaya ko biyu da ta iya da gaske, a sa. In sai an yi ta tauna kalmomi, a bari.

Masu karatu kuma ka bi tsarin ƙarami zuwa babba, amma da mutanenka. Yarinya daga Makarantar Lahadi ta buɗe. Sai ɗan matasa, sai mai gadi, sai matar soja, sai ɗan kasuwa, sai uwar zumunta, sai dattijo, sai kai, fasto ya rufe. Ka zauna da kowannensu ya karanta maka tun kafin ranar, musamman mai Ishaya 11 da mai Luka 2, kada a zo ana tuntuɓe kan suna irin Kiriniyas a gaban jama'a. Tunda a cocinmu na Legas akwai Bajju da Tarok da Bura da Bachama da Zuru da sauransu, Hausa ce ta haɗa mu, a yi karatun da ita. Waƙa ɗaya ko biyu da harshen gida ba laifi.

Kada ka sa ranar 24. Mu a nan daga 18 ga wata an fara ɗaure kaya, tashoshin Iddo da Agege da Mile 12 sun cika, kafin jajiberi rabin kwayarka na Kafanchan ko Langtang ko Biu. Lahadi ta biyu ta Disamba da yamma ta fi. Amma ka tuna da waɗanda ba sa tafiya, masu gadin gidajen da masu su suka tafi hutu, da sojoji da 'yan sanda masu aiki, da wanda kuɗin mota ya gagara. In da hali, ranar jajiberi ka tara su, ko su goma sha biyu ne, a sake karanta taran a rera abin da aka iya. Kyandir kuwa, in za ku kunna, a kashe fanka, a sa ido kan gyalen mata da labulen bagade, a ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa.

Abu na ƙarshe, kada ka gayyaci mai ɗaukar bidiyo ya riƙa yawo a gaban mai karatu da fitilarsa. Ya kafa abinsa a gefe ya zauna.

Tambaya: Baba, a wata waƙar da suka yi na ji ana cewa an haifi Yesu cikin tsananin hunturu, ƙanƙara a kan ƙanƙara. Haka ne? Kuma sarakunan nan uku, ina sunayensu a Littafi? Ɗalibi, Idi-Araba.

Amsa: Ɗana, ƙanƙarar ta Ingila ce. Mawaƙan Turai sun zana Baitalami da yanayin garinsu, kamar yadda namu ke saka ƙurar hunturu da wutar kara a cikin nasu. Luka bai faɗi wata ba, bai faɗi rana ba. Abin da ya ce shi ne makiyaya suna kwana a fili suna tsaron garkensu da dare. Shaida mafi tsufa ta yin bikin ranar 25 ga Disamba daga Roma take, wajen shekara ta 336. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke nasu.

Sarakuna kuwa, buɗe Matiyu sura 2 ka duba da kanka. Bai ce sarakuna ba, masana taurari daga gabas ya ce. Bai ce su uku ba ne, kyautai ne uku, zinariya da lubban da mur. Sunayen da kake ji an laƙaba musu daga baya ne, ƙarnuka bayan an rubuta Bishara. Bai kuma ce a komin dabbobi suka same shi ba, cewa ya yi sun shiga gida suka ga yaron tare da uwarsa Maryamu. In malamarku ta wasan Kirsimeti tana da yara biyar masu son rawani, ta naɗa musu duka.